Abin da Bunnye Ta Karanta

A danginmu mutum biyu ne suka rubuta littafi, kuma ni aka ɗora wa nauyin buga su duka biyun. Ina da ɗan kamfanin ɗab'i a birnin Jinju, wanda in an bi ta gaskiya ɗaki ɗaya ne da teburi da ni kaina, Hyangsuk, mai jan biro da gajen haƙuri.

Na farko na mahaifiyata ne, Malsun, dattijuwa a cocinmu. Ta sa masa suna Raunin da Ubangiji Ya Ɗaure. Tun da ya fito da bazara mata suke saye suna kuka, ana gayyatar Inna coci-coci ta ba da shaidar yadda ta yafe wa mutumin da ya sa aka kashe mahaifinta. Na biyu na ƙaninta ne, Kawu Dokkyu, wanda ya koyar da tarihi shekara talatin kafin ya yi ritaya. Shafi ɗari huɗu ne a kan ko tarihi yana da inda ya dosa, da kuma wanda yake yi wa aiki. Sau uku barci ya sace ni ina duba shi. Da na kai babi na tara kuwa sai barcin ya watse, don a nan ne Kawu ya rubuta sunan mutumin ƙuru-ƙuru: Pyo Manbok.

Abin da ya faru ke nan. Lokacin yaƙi, Inna tana shekara goma, masu bindiga suka tara mutanen ƙauyensu a filin makaranta. Suka fito da wani mutum an kifa masa buhu a ka, an huda wurin idanu, suka ce ya nuna waɗanda suke ba abokan gaba shinkafa. Ya nuna mutum shida, kakana na cikinsu. Ba wanda ya gane mai buhun sai Inna, saboda da hagu ya yi nunin, hannun damansa kuwa yatsu uku ne, wuƙar yankan ciyawa ta cinye biyu. Maƙwabcinsu ne. Bayan yaƙi ya kwashe iyalinsa ya bar ƙauyen, bai daɗe ba ya mutu.

Matsalar ita ce Pyo Manbok ya bar 'ya mace, Bunnye, kuma Bunnye ce aminiyar Inna. Sun haɗu a coci a nan birni suna 'yan mata, shekara kusan sittin ke nan suna zama benci ɗaya. Ita ta karɓi haihuwata. Ita ta yi jinyar Inna lokacin da aka yi mata aiki a ƙugu. Ba ta san komai ba, kuma Inna ta rantse ba za ta sani ba har su shiga kabari. A littafin Inna babu sunan mutum, babu na ƙauye. Da nake duba shi na ce mata, "Inna, wannan zancen yatsun fa?" Ta ce wa zai gane, jikokinsa ba su taɓa ganinsa ba, Bunnye kuwa ko sunanta ba ta iya karantawa, yaƙi ya hana ta makaranta. Na gyara waƙafi na wuce.

Littafin Kawu zai tafi wurin masu injin bugawa ranar Litinin. Asabar ɗin da ta zo kafin nan ce ranar haɗa kimcin hunturu a gidan Inna, wato kabejin da ake cuɗawa da gishiri da barkono a adana, guda ɗari da ashirin. Tun ranar Juma'a muka jiƙa su da gishiri, da safe muka ɗauraye muka jera su a tsakar gida suna tsane ruwa. Sanyi ya sa yatsuna sun ƙage a cikin safar roba. Ina cikin kwaɓa barkono da tafarnuwa da jatan lande a babban baho sai ga Kawu, da kwat ɗinsa da ambulan a hammata, kamar mai zuwa kotu.

"Ga littafin, Hyangsuk, na sa hatimina. Ko waƙafi kada ki ƙara taɓawa."

Inna ba ta ɗago daga albasar da take yankawa ba. "Ka cire sunan?"

"Ina kwana, Yaya."

"Ban tambaye ka kwana ba. Ka cire?"

"Ban cire ba."

Ta ajiye wuƙar a hankali, ni kuwa na san wannan ajiyar. Ta ce, "Bunnye na nan zuwa yanzu. 'Ya'yanta maza biyu suna karanta jarida. Ran da littafin nan ya fito, ran nan za su je su faɗa mata. Kana so ka kashe min tsohuwa saboda shafi ɗaya?"

"Yaya, shafin nan shi ne littafin duka. Kowa cewa yake zamani ne ya kawo, yaƙi ne, ƙaddara ce. Zamani ba shi da yatsa! Mutum ne ya ɗaga hannu, kuma yana da suna. In aka goge sunan, an sake kashe Baba, wannan karon da biro."

"Ji shi! Kai da kake goye a bayana kana barci, miyau na zuba min a wuya, kai za ka faɗa min yadda aka kashe Baba? Ni na gani, ni na yafe."

"Kin yafe wa buhu, Yaya. Ba a yafe wa wanda aka ƙi kiran sunansa. Binnewa kika yi, kika dasa fure a kai, mata suna zuwa suna shinshina."

Na ce, "Kawu, don Allah," amma wa ya saurare ni. Inna ta miƙe, fuskarta ta yi ja kamar abin da ke cikin bahona.

"Kai takarda kake zama da ita, Dokkyu. Ni da mutum nake zama. In ka gama tona ramin nan ka koma Busan ka sha shayinka, ni ce zan shiga coci ran Lahadi in tarar da benci babu kowa." Sai ta juyo kaina. "Ke kuma, in kika buga shi da sunan nan, kada ki ƙara kira na uwa."

Kawu ya ce, "In kika cire ko harafi ɗaya, zan kai wa wani ya buga, ke kuma ba ni ba ke."

Na ji haushinsu su duka, na kuma ji tsoro, don kowannensu na iya cika abin da ya faɗa. Ban kai ga buɗe baki ba ƙofar ƙarfe ta yi ƙara. Kawu ya jefa ambulan ɗin a dakalin katako ya zauna a kai.

Bunnye 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai saurin tafiya. Ta shigo da safarta da wuƙarta naɗe a tsumma, don ba ta yarda da wuƙar kowa. Lahadi biyu ke nan ba ta zo coci ba, ta ce mura ce. Inna ta tare ta da murya mai zaƙi fiye da kima, tana kiranta da sunan ɗanta.

"Maman Sanggil, ya jikin? Da kin zauna kin huta ai."

"In huta ku cika wa kabeji gishiri kamar bara?" Ta dubi Kawu. "Malam, an zo aiki ne da kwat, ko an zo cin nama?"

Kawu ya yi dariyar yaƙe bai tashi ba, shi da kullum yake miƙewa ya rusuna mata. Ta kalle shi ɗan lokaci, ta ja kujerar tsuguno ta zauna a hagun Inna inda ta saba.

Muka fara. A ɗaga ganye, a shafa jan kwaɓi, a ɗaga na gaba, a naɗe a jera a mazubi. Kowace shekara bakin Bunnye ba ya rufuwa a wannan aiki, daga surukarta sai farashin kifi sai matar fasto. Yau shiru. Ba abin da ake ji sai ƙarar ganye da numfashin Inna. Na kai kabeji na goma sha wani abu sai Bunnye ta tsura wa buhun gishirin da ke jingine da bango ido, leɓunanta suna motsi.

"Gi-shi-rin te-ku," ta faɗa a hankali. "A a-ji-ye a bu-sas-shen wu-ri."

Hannun Inna ya tsaya cak a cikin kabeji.

"Ke... wa ya faɗa miki abin da ke jiki?"

"Ba wanda ya faɗa min, Yaya. Shekara biyu ke nan ina zuwa ajin tsofaffi, Talata da Alhamis. Ku kuwa na ce muku gashin gwiwa nake zuwa. Kunya nake ji, tsofai-tsofai da ni ina haɗa baƙi kamar 'yar reno."

Ni da Inna muka kalli Kawu tare, wato muka kalli abin da ya zauna a kai. Ashe muna zaton wuta a maƙera, a masaƙa za ta tashi. Bunnye ta zare safarta, ta goge hannu a zani, ta sa hannu cikin aljihun gaban rigarta ta ciro wani abu a leda. Littafin Inna ne. Bangonsa ya lanƙwashe, gefen shafukan ya yi baƙi saboda yatsa.

"Shi na fara saya da na iya haɗa kalma. Na ce littafin Yayata zan fara karantawa a duniya, in gama kafin ranar haihuwarki in zo in ba ki mamaki. Shafi ɗaya a rana, wata rana rabi. Wata huɗu na yi kafin na iso nan."

Inna ta ce, "Bunnye, kawo in..."

"Bari in karanta miki, ki ji ko malamarmu ta iya koyarwa."

Ta buɗe inda ta sa tsinke, ta ɗora yatsa. Ta karanta da ƙyar, tana tsayawa tana komowa, kuma ba wanda ya iya taimaka mata da kalma ɗaya duk da ni na san layin da ka.

"Ubangiji ya zaunar da 'yar mutumin a gefena. Duk Lahadi nakan riƙe hannunta lokacin addu'a, cikina yana juyawa, ina cewa a raina: ya Ubangiji, wannan ne maganin da ka ba ni. Yana da ɗaci, amma zan sha."

Ta rufe littafin. Wani kare ya yi haushi a bayan katanga, ya gaji ya daina.

"Da na karanta zancen yatsu uku, na ce masu yatsu uku suna da yawa a duniya. Da hagu Babana yake ba ni shinkafa a baki, amma na ce ba shi kaɗai ba ne. Sai na zo inda kika ce kun haɗu da yarinyar ranar ruwan sama, ta ba ki rabin lemarta. Lemar nan kore ce, Yaya, ƙarfenta ɗaya a karye. Ba ki rubuta wannan ba, amma ni na tuna."

Bunnye ta juya wajen Kawu.

"Kai kuma tashi daga kan takardar nan, ka zauna kamar kaza a kan ƙwai. Ambulan ɗin ya leƙo ta gefe tun ɗazu, na san littafinka ne. Sunansa na ciki?"

Kawu ya miƙe. Ya ɗauki ambulan ɗin. "Yana ciki, Maman Sanggil."

"Ka tabbata shi ne?"

"Shekara ashirin ina bincike. Shi ne. Amma an ce sai da suka yi masa dukan kwana biyu kafin ya yarda, na rubuta wannan ma."

"To ka bar shi. Ya yi, a rubuta. Mako biyu na yi ina kuka a kansa, ba mura ba ce. Zan faɗa wa yarana da bakina kafin su gani a takarda." "Shi ya mutu, tsakaninsa da Ubangiji. Ba shi ya kawo ni ba."

Ta koma ta fuskanci Inna, gwiwa da gwiwa.

"Tambaya ɗaya gare ni. Shekara sittin ɗin nan, ƙawa ce ni ko magani? Ran da na kwana ina juya ki a asibiti, sha kike yi? Ran da kika wanke mijina da hannunki aka sa shi a akwati, ɗacin kike haɗiyewa? Duk abincin da na ci a gidan nan, ni aka ba ko Ubangiji aka nuna wa?"

Na so in shiga tsakani in ce ai salon rubutu ne, ai masu karatu ne ke son haka. Amma ni na gyara layin nan, ni na ce wa Inna shi ne ya fi kowanne kyau a littafin.

Inna ta sunkuyar da kai. Da za ta yi ƙarya a wannan lokacin da wataƙila an wuce wurin, amma uwata ba ta iya ba.

"Shekara goman farko, magani ne," in ji ta. "Ni na matso kusa da ke da gangan ran da na ji sunan ƙauyenku da na mahaifinki. In na koma gida sai in wanke hannu."

Bunnye ta lumshe ido. "Bayan nan fa?"

"Bayan nan ban sani ba. Ba zan iya nuna miki rana ba. Na dai wayi gari in abu ya same ni ke nake so in fara faɗa wa. In na ga kifi mai kyau a kasuwa in ce Bunnye za ta so wannan. Na manta 'yar waye ce ke, sai in shekara ban tuna ba."

"To ina wannan a littafin? Na karanta har ƙarshe, Yaya, har da sunan Hyangsuk da lambar wayarta a baya. Babu."

"An ce in rubuta abin da Ubangiji ya yi min. Yafewar na ɗauka aikinsa ne. Wancan kuwa ban ga abin al'ajabi a ciki ba, ke ce kawai."

"Ni ce kawai." Bunnye ta gyaɗa kai. "Mata nawa suka sayi littafin nan, Hyangsuk?"

Na faɗa mata. Ba ƙaramin adadi ba ne.

"Duk sun san ni magani ce mai ɗaci. Ina zaune a benci na gaba kina ba da shaida, ina share hawaye, ina cewa kai, wannan yarinya ta yi sa'a da ta sami Yayata. Ina tafa wa kaina ban sani ba."

Inna ta miƙa hannu za ta riƙe ta, sai ta ga safar jawur da barkono, ta tsaya da hannun a sama. "Ki yafe min."

"Kada ki faɗa da baki. Bakinki na saurara shekara sittin. Abin da kika faɗa min yanzu, ki rubuta shi, tunda na ga abin da aka rubuta shi ne gaskiya a gidan nan. Ki yi manyan baƙaƙe, idona ba ya gani sosai."

Ta mayar da littafin cikin leda, ta sa safarta, ta jawo kabeji. Bunnye ba ta taɓa barin aiki a rabi ba. Awa biyu muka ƙara a tsakar gidan nan muna aiki. Kawu ya cire kwat ya nannaɗe hannun riga yana ɗaukar mazubai, abin da ban taɓa gani ba. Hawaye na zuba a fuskar Inna, ba ta da hannun sharewa, ta bar su. Da muka gama na cika wa Bunnye mazubi biyu, rabonta na mai taya aiki kamar kowace shekara. Ta wanke wuƙarta, ta naɗe, ta ce surukarta ta riga ta haɗa musu nasu. Naman da aka dafa ma ba ta taɓa ba. Ta rusuna wa Inna irin rusunawar da ake yi wa baƙo, ta fita.

Ran Litinin na kai littafin Kawu wurin bugawa da sunan a ciki. Inna ba ta ko tambaya ba. Kawu ma da ya ci nasara bai yi kama da wanda ya ci komai ba, ya kira ni sau biyu yana tambayar ko Yaya tana cin abinci.

Kwana goma sha ɗaya Inna ta yi tana rubuta shafi ɗaya. Matar da ta cika littafi cikin wata uku ta yaga takarda ta fi ashirin. Na ce ta kawo in duba mata, ta ce in na taɓa shi da jan biron nan sai ta karya min yatsa. Ta soke gayyata uku da aka yi mata a coci-coci. Ni na kai wasiƙar. Bunnye ta karɓa da hannu biyu a bakin ƙofa, ta ce in gaida gida, ba ta ce in shigo ba.

Amsa ta zo bayan mako guda, ta gidan waya, alhali tsakanin gidajensu tafiyar minti goma ce. Ina wurin Inna ta buɗe. Takardar littafin 'yan makaranta ce mai gida-gida, kowane baƙi a cikin gidansa, an danne fensir har ya kusa huda ta, ga alamar gogewa ko'ina. Inna ta karanta, ta miƙo min, ta shiga ɗaki ta ja ƙofa.

"Yaya, na karanta sau huɗu. Na yarda da ke. Amma yanzu in na tuna hannunki cikina juyawa yake yi. Zan zo coci in zauna a gefenki in riƙe shi, in gwada abin da kika gwada. Ke shekara goma ya ɗauke ki. Ki ba ni kamar haka."

Inna ta cika shekara saba'in da tara a watan da ya biyo baya.